Daga ramin dara zuwa tabarmar fada: tarihin wasannin lokacin sanyi

A ƙasar Hausa ta kudancin Nijar, shekara tana da lokacin da aka yarda mutum ya zauna. Idan aka kammala girbi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, aka rore wake, aka cire gyaɗa, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da ƙurarta, dare ya yi tsawo, sanyin asuba a Maraɗi da Damagaram ya sauko wajen digiri 15 ko ƙasa da haka. Ga mutanen da suka saba da digiri 40 na bazara, wannan ba ƙaramin ɗari ba ne. A wannan tsakani ake yawan bukukuwan aure, ake kokowa da dambe, ake tatsuniya a bakin wuta, kuma a cikinsa ne wasannin zaune suke cin kasuwarsu. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba, wanda ƴan lakkol suke ɗokinsa tun daga ranar bikin Jamhuriya ta 18 ga wata, baƙo ne da ya zo daga baya ya tarar an riga an yi shimfiɗa.

Yau idan dattijo ya wuce ta gaban samari huɗu da suka kewaye karta da butar shayi, hukuncinsa a shirye yake: zaman kashin wando. Maganar tana da nauyi, domin da ita ake auna tarbiyyar yaro, da ita ake hana shi mata, wani lokaci ma da ita ake kiran ƴan sanda su watse majalisa. Sai dai shi kansa dattijon, in aka bi sawunsa, ana iya tarar da shi durƙushe a gindin bedi yana tura tsinke daga rami zuwa rami, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Ke nan zama don wasa tsohon abu ne. Abin da ya sauya tsakanin zaman kaka da na jika shi ya cancanci a bi tarihinsa.

Uwar wasannin nan ita ce dara. Sunan yana ɗauke da wasanni biyu a bakin Hausawa: akwai ta zuba ƙwaya rami bayan rami, ƴar uwar wadda Yarabawa suke kira ayo, akwai kuma ta jeri, wadda ta fi kafuwa a Nijar, Zabarmawa suna ce mata dili, kuma ana samun irinta wajen Buzaye, da Dakarkari na ƙasar Zuru, da mutanen Mali da Burkina. Ta jerin ba ta buƙatar komai da ake saye. Ana share ƙasa a tona ramu 30, layi 5 sau 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan tsinkayen kara, wancan tsakuwa ko ƙwallon dabino ko kashin raƙumi busasshe. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, ba a yarda kowa ya jera uku a layi ba tun ana dashe. Idan an gama, ramu 6 ne kacal suka rage babu kowa, kuma a kan waɗannan shida ake yaƙin duka. Ana gusa ɗa taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda ya jera huɗu bai ci komai ba. Wanda ƴaƴansa suka koma biyu ya faɗi, tun da biyu ba sa yin uku.

Gwanaye sun san cewa tun a wajen dashe ake cinye wasa. Burin kowa shi ne ya kafa abin da ake kwatantawa da doki, wato tsarin da ɗa guda zai riƙa kaiwa da komowa tsakanin ramu biyu, duk inda ya sauka ya cika uku, duk taki ya ci. Wanda aka kafa wa doki sai dai ya zuba ido ana kwashe masa ƴaƴa. Shahararsa ta kai a wasu wurare wasan kansa ake kira doki. Harshe ma ya ɗebi rabonsa, domin har yau idan makircin mutum ya juyo kan nasa ana cewa dara ta ci gida, ko a bakin wanda bai taɓa tona rami ba.

Abubuwa biyu ne dara ba ta da su, kuma rashinsu ne ya ba ta mutunci: ba ta da ɓoyo, ba ta da sa'a. Duk abin da ɗan wasa ya mallaka yana shimfiɗe a ƙasa, abokin karawa yana gani, ƴan kallo suna gani. Wanda aka cinye ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Shi ya sa take jan taro, shi ya sa kuma ƴan kallonta ba sa iya riƙe bakinsu. Kowa gwani ne muddin ba shi ne a durƙushe ba. Akwai kuma abu na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci ga wannan tarihi. Allon dara ƙasa ce, ƴan wasanta manoma ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ramun sun cike da laka, masu wasan kuma suna gona tun da asuba. Ba sarki ba malami da ya kafa wannan doka, amma ba a taɓa karya ta ba a ƙauyen da ake ci daga noma.

Kusa da dara, amma a wata inuwa dabam, akwai caca. Tun ƙarni na 18 wuri ya zama kuɗin ƙasar Hausa, ƴar ƙaramar katantanwar da ake kwasowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. A 1851 Barth ya tarar a Kano ana canza dalar azurfa guda da wuri 2,500. Wurin nan shi ne kuɗi, shi ne kuma kayan wasa: a watsa shi ƙasa, a ƙirga nawa suka kife, nawa suka buɗe baki, a kwashe ko a yi asara. Ba a buƙatar wayo, ba a buƙatar daɗewa. Ɗan caca yana da wurinsa a gefen kasuwa da gidajen da mutanen kirki ba sa shiga da rana, kuma kowa a gari ya san shi. Lokacinsa shi ma kaka ne da hunturu, don a nan ne talaka yake da abin da za a cinye masa. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a zamanin Faransawa, Maraɗi da Damagaram da Magarya suka zama cibiyoyin awo, kuɗin shekara guda suna shigowa hannun manomi a cikin ƴan makonni, a daidai lokacin da ake neman haraji, sai wannan haɗari ya ninka.

Malamai ba su yi shiru ba. Haramcin caca a bayyane yake cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida ayoyi na 90 da 91, inda aka haɗa ta da giya, aka ambaci gaba da ƙiyayya da take jefawa tsakanin mutane da yadda take shagaltarwa daga salla. Amma mazhabar Malikiyya da ake bi a nan ta ƙara taki guda. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da duk almajirin da ya yi nisa a zaure ya karanta, ta hana wasan nardu, mai ƴaƴan jefawa, da shaɗaranji, a wani babi na kusa da ƙarshe. Ta ce babu laifi a yi wa mai wasan sallama, amma an ƙi a zauna wurinsa ana kallo. A babin nan dai ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Malaman Shafi'iyya sun fi sassauci game da shaɗaranji idan babu kuɗi a ciki. Dara ba ta cikin sunayen da aka ambata, don haka ta rayu a tsakanin haƙuri da harara: wani malami ya kau da kai, wani ya yi wa'azi, akasari kuma aka tsaya kan sharaɗi biyu, kada a sa kuɗi, kada a bar salla ta wuce.

Karta ta zo da duk abin da dara ta rasa. Akwai ɓoyo, tun da kowa yana rufe hannunsa. Akwai sa'a, tun da rabo ake yi. Ga shi kuma tana shiga aljihu, ruwan sama bai dame ta ba. Abin mamaki, wannan kayan da aka ɗauka na Nasara ne ta hannun Musulmi ya shiga Turai. A fadar Topkapi ta Istanbul akwai kartar Mamalik na Masar ta wajen ƙarni na 15, wadda tsarinta na ganye 52 ne, gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan doki. Tana da sarki da mataimakansa biyu, amma babu hoton mutum, sai zane da rubutu. A shekarun 1370 karta ta bayyana a Italiya da Spaniya, kuma tun 1377 hukumar birnin Florence ta kafa dokar hana ta, abin da ke nuna cewa ƙorafin dattawa a kanta ya girmi zuwanta nan da ɗaruruwan shekaru. Wajen 1480 masu buga karta na Faransa suka sauƙaƙa gidajen zuwa alamomi huɗu masu launi biyu, ja da baƙi, don a buga da arha. Su ne waɗanda ake kira a majalisun Yamai da Tawa da sunayensu na Faransanci, ker da karo da pik da tirefil. Sarakunan kartar Faransa har sunaye gare su a rubuce a gefe: David, Charles, César da Alexandre. A 1793, bayan an sare kan sarkin gaske, ƴan juyin juya hali sun tuɓe na takarda su ma, suka maye gurbinsu da wasu hotuna na juyin juya hali. Ba a daɗe ba sarakunan suka koma kan karagarsu.

A nan ƙasar, ƙofar da karta ta fi shigowa ta ita ce bariki. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma garin ya riƙe matsayin babban birni daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. A kewayen sansanin soja da ofisoshi wata sabuwar jama'a ta taso: sojoji, tafintoci, masu dafa wa Bature abinci, ma'aikatan kantunan CFAO da SCOA, direbobi. Mutane ne masu albashi, waɗanda hutunsu agogo ne yake yanka shi da ranar Lahadi, ba damina ba. Sai kuma tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin 1914 da na 1939, daga baya Indocin da Aljeriya, bayan sun shafe shekaru suna kashe dare da karta a ramukan yaƙi da jiragen ruwa. Ta kudu kuma ƴan ci-rani suna dawowa daga Kano da Ikko da Kumasi da nasu salon, har da Whot, kartar Ingila ta shekarun 1930 mai da'ira da tauraro da kuros, wadda ta zama ta gida a Najeriya. Ba abin mamaki ba ne da kalmar ɗan bariki da ɗan karta suka daɗe suna tafiya tare a bakin mutanen birni da ƙauye.

Cikin duk wasannin karta, belot ce ta yi sarauta a Nijar, kamar yadda ta yi a Faransa tun wajen 1920. Ana yin ta da ganye 32, daga bakwai zuwa as, mutum huɗu, biyu suna fuskantar biyu. Maki 162 ake rabawa a kowane zagaye, har da goman da ake ba wanda ya kwashe ɗauka ta ƙarshe. Wanda ya riƙe sarki da sarauniya na gidan da aka zaɓa ya zama atu yana da ƙarin 20, in ya tuna ya furta. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne matsayin bale, wato bara. A sauran gidaje makinsa 2 ne, yana ƙasa da sarauniya mai 3 da sarki mai 4. Da zarar gidansa ya zama atu, sai ya haye kan kowa da maki 20, tara ta bi masa da 14, sarki ya koma na biyar. Mutanen da suka tashi a ƙasar sarauta, suka kuma yi wa Bature aiki, ba sa rasa jin daɗin buga bara a kan sarki da ƙarfi har tebur ya amsa.

Belot ta kuma kawo wani abu da dara ba ta sani ba, wato abokin tafiya. Ɗan dara shi kaɗai ne da kansa. Ɗan belot kuwa rabin dukiyarsa tana hannun wanda ke zaune gabansa, ba ya ganinta, ba a yarda ya tambaya ba. Sai dai ya karanta ta daga ganyen da abokin ya yar da wanda ya ƙi yarwa. Mutum biyu da suka shekara suna wasa tare suna fahimtar juna fiye da wa da ƙane. A nan ne daɗinta yake, a nan ne kuma rigimarta, don babu zagin da ya kai na abokin da ya yanke ɗaukar da tuni ta zama tasu.

Makaranta ce ta fitar da karta daga bariki ta kai ta zauren gida. Kalandar lakkol ta Faransa ce: a shiga a Oktoba, a huta kwana goma zuwa mako biyu a ƙarshen Disamba saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, a yi babban hutu daga Yuli zuwa Satumba. A Turai babban hutun shi ne na shaƙatawa. A nan kuwa ya faɗo a tsakiyar damina, ɗan makaranta yana sauka daga mota ana miƙa masa hauya. Saboda haka ƙaramin hutun Disamba, wanda aka yanka don bikin addinin da mafi yawan ɗaliban ba sa bi, shi kaɗai ne ya dace da lokacin zaman kakanninsu. A shekarun da suka biyo bayan ƴancin kai na 1960, makarantun sakandare kaɗan ne, yaro yakan bar ƙauyensu ya tafi kwana a birni, a makarantu irin su lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, Ɗan Baskore ta Maraɗi, Agabba ta Tawa, ko lise ta ƙasa da ke Yamai wadda aka sa wa sunan Issa Korombe. A ɗakunan kwana ya koyi belot daga na gaba da shi. A Disamba ya dawo da ita cikin akwati, ya tara abokan da ya bari, ya koya musu ƙirga maki da Faransanci. Iyaye suka yi haƙuri da abin, domin mai wasan ɗan boko ne da ake sa ran zai zama ma'aikaci, kuma kowa ya san ranar da zai koma.

Mata ba su da wuri a gindin bishiyar dara, ba su da shi a teburin belot. Ludo ce ta buɗe musu ƙofa. Asalinta pacisi ce ta Indiya, wadda sarki Akbar ya sa aka shata mata fili a fadarsa ta Fatehpur Sikri a ƙarni na 16, kuma da wuri ake jefa ta, irin wurin nan dai na ƴan cacar kasuwar Katsina. Ingilishi suka rage ta, suka sa mata ɗan jefawa mai fuska shida, suka fara sayar da ita da sunan Ludo a shekarun 1890. Faransawa suna da tasu mai kama da ita, ta ƙananan dawaki. In aka bi ƙa'idar Risala, ludo ta fi kowane wasa kusa da nardu, amma ita ce ta shiga har ƙuryar ɗakin matan kulle ba tare da hayaniya ba, wataƙila don kala-kalarta ta sa an ɗauke ta kayan yara. Ƙarfinta yana cikin rauninta: tun da sa'a ce ke jan ragama, yarinya ƴar shekara bakwai tana iya mayar da yayanta mai digiri gida, kaka tana iya cinye jikokinta. A daren sanyi da aka rufe ƙofa aka hura gawayi, ita ce ta gaji gurbin tatsuniya a gidaje da yawa.

Dam mai gidaje 100 da ƴaƴa ashirin-ashirin ta samu masoya a tasha da bakin kasuwa, kuma Afirka ta Yamma ta yi suna a cikinta tun da Baba Sy na Senegal ya girgiza gwanayen Turai a farkon shekarun 1960. Sai a 1986, shekara takwas bayan rasuwarsa, aka amince masa da kambin duniya na 1963. Scrabble kuwa ta tsaya wajen malaman makaranta da ɗalibai, don ƙofarta Faransanci ce. Wani Ba'amurke, Alfred Butts, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930. Masu Faransanci suka fara gasar duniya tasu a 1972, Dakar ta karɓi baƙuncinta a 2008, kuma suka fito da salon da ake ba kowa haruffa iri ɗaya don a kori sa'a daga wasan gaba ɗaya. Akwatin Faransanci yana da haruffa 102, daga ciki E goma sha biyar, A tara, amma K da W da Y guda-guda ne, kowane da maki 10 saboda ƙarancinsu a wancan harshe. Ɗaliban da suka gwada yin wasan da Hausa a lokacin hutu sun san abin da ke biyo baya: kalma mai sauƙi kamar kwakwa sai an haɗa da farare biyun da ke cikin jaka, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa babu su sam. A Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Akwatin da ke cikin kabad ɗin makarantu bai ji labari ba.

Duk waɗannan wasanni, har zuwa shekarun 1980, suna da abu guda da ya haɗa su da dara: akwai ranar tashi. Manomi ruwa ne yake tashinsa, ma'aikaci safiyar Litinin, ɗalibi farkon Janairu. Matasan da ba sa makaranta kuma samariya tana riƙe da su, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, da aikin gayya da wasan kwaikwayo da gasa tsakanin unguwanni. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Sai farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, masu ba da lamuni suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya kammala karatu aiki kai tsaye. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da ƴancin magana, samariya kuma ta bi tsohon tsari ta shuɗe. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, yajin aiki ya bi yajin aiki, aka soke wasu shekarun karatu, aka gurgunta wasu.

A cikin wannan yanayi fada ta bayyana, kuma masu bincike sun fi danganta farkonta da Damagaram. Sunan kansa aro ne daga fadar sarki, inda fadawa suke zama suna jiran a neme su. Samari suka ɗauki wani lungu ko jikin wani bango, suka rubuta masa suna, suka ajiye benci da tabarma da rediyo da ƴar butar shayi, suka naɗa shugaba da ma'aji. Shayin ana dafa shi sau uku a kan gawayi, ba a gaggauta shi, belot kuma tana cike tsakanin kofi da kofi. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi da Yamai, ta wallafa littafi sukutum a kan fada a 2019, inda ta nuna cewa zaman nan hanya ce ta ba wa jira siffa da tsari, ga mutanen da aka ce su jira ba a faɗa musu har yaushe ba.

Mai adalci ba zai ce fada wofi ce ba. Fadodi da yawa suna gadin unguwa da dare, suna tara kuɗi idan ɗayansu zai yi aure ko suna, suna yashe magudanar ruwa, kuma nan ne ake jin labarin inda ake neman lebura ko ɗan kabu-kabu. Ba zai kuma ce duka lafiya ba: akwai inda ƙwaya ta shiga, akwai inda ƴan siyasa suka saye benci da sukari da ganyen shayi, akwai ƙungiyoyin ƙarfi na unguwar Kara-Kara da Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta Zinder na 2021. Amma dattijon da ya ɗora laifin a kan ganye 32 ya yi saurin yanke hukunci. Belot ɗin da ake bugawa a fada ita ce dai wadda ƙanensa ma'aikaci ya buga a 1975 ba wanda ya ce uffan. Bambancin shi ne wancan yana da ofishin da ke jiransa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, benci yana cika da sauri fiye da yadda ake buɗe ofis ko shago.

Wayar salula ta sake juya al'amarin. Ludo King, da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ta mayar da allon ludo cikin tafin hannu, ta kuma yaɗu ƙwarai a zaman gida na annobar 2020. Ana ganin kawuna huɗu sun sunkuya kan waya guda, wanda dai zama tare ne ko da allon ya ƙanƙance. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne cacar ƙwallon ƙafa da ake yi ta waya. Ɗan cacar wuri yana buƙatar wuri da abokan zama, kuma gari yana ganinsa. Na yau ba ya buƙatar kowa. Yana iya zama a tsakiyar fada, ko a sahun baya na aji, ya yi asarar kuɗin makarantarsa a kan wasan da ake bugawa a Madrid, na kusa da shi bai sani ba. Idan aka kwatanta da wannan, mutum huɗu da ke faɗa a kan wa ya manta ya furta belot suna cikin tsohuwar al'ada ta wasa a bainar jama'a.

Har yanzu ƙarshen Disamba yana cika fadodi. Ɗaliban jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna dawowa unguwanninsu, ƴan lise suna samun izinin kai wa dare, a sa rigunan sanyi na gwanjo, a naɗe kai da rawani, a matso kusa da gawayi. Kwana goma ba a gane wanda ke hutu da wanda ba shi da abin da zai huta daga gare shi. Maki ɗaya ake ƙirga wa kowa. A makon farko na Janairu masu komawa su ɗaure jakunkunansu su nufi tasha. Belot kuwa ba ta yiwuwa yadda ake so sai da mutum huɗu, don haka waɗanda suka rage sukan leƙa lungu su kira wani ya cike gurbin, kuma ba a daɗewa ana nema.